Ƙofar Ɗan Kwangila: Nazari a Kan Kutsen Kamfanin Target da Iyakar Takardar Bin Doka

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami wata ma'aikata, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, wadda take gudanar da dukkan ayyukanta da hannun ma'aikatanta kaɗai. Banki yakan ba wani kamfani aikin buga katunan cirar kuɗi, jami'a takan ɗora wa wani nauyin kula da shafin rajistar ɗalibai, asibiti kuma yakan ajiye bayanan majiyyata a kwamfutocin wani kamfani da ke wata ƙasa daban. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an buɗe masa wata kafa ta shiga tsarin kwamfutocin ma'aikatar kafin ya iya yin aikin da aka ba shi. Yawan kwangila, ashe ke nan, yawan ƙofofi ne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda masu kutse suke amfani da irin waɗannan ƙofofi, da kuma dalilin da ya sa takardar shaidar bin ƙa'ida ba ta hana su shiga. Za a ɗora bayanin ne a kan abin da ya sami kamfanin Target na Amurka a shekarar 2013, domin an bi diddiginsa sosai har a gaban Majalisar Dattawan ƙasar, saboda haka ana iya bin sawun ɓarayin daki-daki. Daga nan za a dubi wani salon kutse da ya bayyana daga baya, sannan a waiwayi abin da doka ta tanada, har da ta Nijeriya.

A wannan maƙala, "ɗan kwangila" na nufin duk wani mutum ko kamfani na waje da ma'aikata take sayen kaya ko hidima a wurinsa, tun daga mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki har zuwa mai sayar da manhaja. "Haɗari" kuwa, a bakin masana wannan fage, awon abubuwa biyu ne a haɗe: yiwuwar aukuwar ɓarna, da girman asarar da za ta biyo baya idan ta auku.

2.0 Yadda Aka Shiga Target

Target kamfani ne na manyan kantuna, mai hedkwata a birnin Miniyafolis, kuma a wancan lokaci yana da kantuna kusan 1,800 a Amurka. Daga cikin dubban 'yan kwangilarsa akwai wani ƙaramin kamfani a jihar Fensilbaniya mai suna Fazio Mechanical Services, wanda sana'arsa ita ce girka na'urorin sanyaya kaya da kula da su. An ba wannan kamfani sunan shiga da kalmar sirri domin ya riƙa aika takardun neman biya da na kwangila ta intanet. Iyakar hulɗarsa da kwamfutocin Target ke nan, ba shi da wata alaƙa da katunan masu sayayya.

Ɓarayin ba su tunkari Target kai tsaye ba. Sun aika wa ma'aikatan Fazio wasiƙar imel ta yaudara mai ɗauke da muguwar manhaja, aka buɗe, manhajar ta kwashe kalmomin sirri. Da waɗannan kalmomi suka shiga tsarin Target a tsakiyar Nuwamba 2013. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. To a nan ɗan garin bai ma san an ari rigarsa ba.

Abin lura shi ne, ƙofar da suka shiga ta kai su ne sashen takardun kwangila kawai. Da a ce an katange wannan sashe daga sauran, da sun tsaya a nan sun yi ta karanta takardun biyan kuɗin firji. Amma sai suka sami hanyar kutsawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, har suka isa na'urorin karɓar kati da ke kan teburan masu karɓar kuɗi, wato irin waɗanda muka sani da POS. A kan waɗannan na'urori suka dasa wata manhaja mai dabara. Idan mai sayayya ya goga katinsa, akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da lambobin katin suke zaune a fili cikin ƙwaƙwalwar na'urar kafin a kulle su da rubutun sirri. A wannan ƙiftawar ido manhajar take kwafe su. Sai da suka gwada ta a 'yan kantuna kaɗan suka ga tana aiki, sannan suka baza ta.

Sun kuma zaɓi lokaci. Daga ranar 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba, wato kakar cinikin ƙarshen shekara da Amurkawa suke tururuwa a kantuna, an kwashe bayanan katuna kimanin miliyan 40. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa an kuma kwashi sunaye da adireshi da lambobin waya ko imel na mutane har miliyan 70. Bayanan akan tara su ne a wata kwamfuta ta cikin gida, sannan a tura su waje kashi-kashi.

2.1 Ƙararrawar da Ba a Amsa Ba

Wani zai zaci rowar kuɗi ce ta jawo wa kamfanin wannan masifa. Ba haka ba ne. Watanni kaɗan kafin kutsen Target ya girka na'urar gano muguwar manhaja ta kamfanin FireEye, wadda 'yan jarida suka ruwaito cewa ta ci dala miliyan 1.6. Yana kuma da ma'aikata a birnin Bangalo na Indiya masu sa ido a kan kwamfutocinsa dare da rana. A ranar 30 ga Nuwamba na'urar ta yi gargaɗi, ta sake yi a farkon Disamba, masu sa ido suka sanar da hedkwata. Ba a ɗauki mataki ba. An kuma ruwaito cewa na'urar tana iya goge muguwar manhaja da kanta, amma an kashe wannan ɓangare nata.

Sai a ranar 12 ga Disamba Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuntuɓi kamfanin ta gaya masa abin da ke faruwa a cikin gidansa. Ɗan jarida Brian Krebs ya fallasa labarin a ranar 18, kamfanin ya tabbatar da shi washegari.

Wannan ɓangare na labarin shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Na'ura ta yi aikinta, mai gadi ya yi ihu, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin yanke hukunci cikin gaggawa. A manyan ma'aikatu gargaɗi yakan zo ɗaruruwa a rana guda, mafi yawa na banza, har kunne ya saba ya daina razana. Ga kuma tsoron da ke zuciyar kowane ƙaramin ma'aikaci: wa zai kashe na'urorin karɓar kuɗi a tsakiyar kakar ciniki, in ya so daga baya a gano ba komai? A ganin marubucin wannan maƙala, wannan matsala ce ta shugabanci. Sayen na'ura ya fi sauƙi a kan fayyace wanda yake da ikon cewa "a tsaya", da kuma ba shi tabbacin cewa ba za a hukunta shi ba idan ya tsayar da ciniki bisa kyakkyawan zato.

A watan Maris na 2014 shugabar sashen fasahar sadarwa, Beth Jacob, ta ajiye aiki. A watan Mayu shugaban kamfanin kansa, Gregg Steinhafel, ya bi bayanta, bayan ya yi shekaru 35 a kamfanin. Ribar watanni ukun ƙarshe na shekarar kuɗi ta 2013 ta faɗi da kashi 46 cikin ɗari. Kamfanin ya ƙiyasta kuɗin da ya kashe a dalilin kutsen a kan dala miliyan 292, inshora ta biya miliyan 90 daga ciki. A watan Mayu na 2017 ya amince ya biya jihohi 47 da gundumar babban birnin tarayya dala miliyan 18.5, tare da sharuɗɗan da suka haɗa da katange bayanan katuna daga sauran tsarinsa.

3.0 Takardar Shaida da Abin da Take Aunawa

Ga wani abin mamaki. A watan Satumba na 2013, wato watanni biyu kacal kafin kutsen, masu bincike na waje sun tabbatar da cewa Target ya cika ƙa'idojin PCI DSS, waɗanda manyan kamfanonin katuna irin su Visa da Mastercard suka gindaya wa duk mai karɓar kati. Yaya aka yi mai takardar shaida a hannu ya zama abin misali a fagen sakaci?

Amsar tana cikin yanayin binciken kansa. Da farko, mai bincike yakan zo ne a wani lokaci sananne, ya duba halin da ake ciki a wannan lokaci, ya sa hannu ya tafi. Tsarin kwamfuta kuwa kullum cikin canji yake: yau an ƙara ɗan kwangila, gobe an buɗe wata kafa domin wani aiki na gaggawa an manta ba a rufe ba. Sannan bincike yana da iyaka. Ƙa'idojin katuna sun fi damuwa da sashen da bayanan kati suke, don haka ƙofar mai gyaran firji tana iya zama a wajen da'irar da aka zana wa mai bincike, alhali ɓarawo ba ruwansa da wannan da'ira. Har ila yau, mai bincike yana tambaya ne ko akwai na'urar gargaɗi, a ce masa akwai, ya rubuta. Tambayar da ta fi wannan nauyi, wato me ake yi idan ta yi gargaɗi da ƙarfe biyun dare a ranar hutu, ba ta cika samun gurbi a fom ba. A ƙarshe, wanda ake bincika shi ne yake biyan mai binciken, kuma ko ba a faɗa ba, kowa ya san wannan yana rage kaifin ido.

Ba ana nufin ƙa'idojin ba su da amfani ba ne. Su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi, kuma ma'aikatu da yawa ba za su yi ko da wannan ba in ba don tilas ba. Illar tana zuwa ne idan shugabanni suka ɗauki takardar a matsayin laya, suka rataye ta a bango suka kwanta barci.

4.0 Idan Gubar Ta Zo a Cikin Magani

Kutsen Target satar mabuɗi ce. Akwai wani salo da ya fi shi wuyar karewa, inda ake gurɓata kayan da ɗan kwangila yake sayarwa. Kowace manhaja tana bukatar sabuntawa lokaci-lokaci domin toshe ɓarakar da aka gano, kuma masana tsaro su ne kan gaba wajen yi wa mutane nasiha su riƙa sabuntawa. To idan ɓarawo ya shiga wurin mai manhajar ya cusa guba a cikin sabuntawar fa?

Haka ta faru a ranar 27 ga Yuni, 2017. Akwai wata manhajar lissafi da biyan haraji mai suna M.E.Doc wadda kamfanoni masu yawa da ke aiki a Yukiren suke amfani da ita. Ta hanyar sabuntawarta aka saki muguwar manhajar da aka laƙaba wa suna NotPetya. Ta yi shigar mai neman kuɗin fansa, amma ainihin aikinta lalatawa ne. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Danmak, yana da ofis a birnin Odesa inda aka girka M.E.Doc. Daga nan cutar ta bazu a ofisoshinsa na duniya, wasu daga cikin tashoshin jiragen ruwa da yake kula da su suka tsaya cik. Shugaban hukumar daraktocinsa ya bayyana a 2018 cewa sai da suka sake girka manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, kuma asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

Akwai wani ɗan labari a nan da mujallar Wired ta ruwaito. Kwamfutocin da ke riƙe da rajistar duk masu izinin shiga tsarin kamfanin sun lalace gaba ɗaya, sai guda ɗaya tak a ofishinsa na Gana, wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba ta da sauran kafin cutar ta iso. Da yake ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya kawo ma'ajiyar bayanan Nijeriya, wani ya karɓa ya tashi da ita zuwa Landan. Matsalar wuta da muke kuka da ita ce ta ceci kamfanin. Sai dai sa'a ba tsari ba ce, kuma abin da labarin ya tona shi ne kamfanin bai tanadi kwafin wannan rajista a keɓe ba.

Irin wannan ya sake aukuwa a 2020 da manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, inda abokan ciniki har kusan 18,000 suka sauke gurɓatacciyar sabuntawa, aka kuma kutsa cikin hukumomin tarayyar Amurka guda tara da kamfanoni kimanin 100. Gwamnatin Amurka ta ɗora alhakin wannan da na NotPetya a kan hukumomin Rasha, ita kuwa Rasha ta musanta.

5.0 Matsayin Doka

Tambayar da doka ta fuskanta ita ce: idan ɓarna ta shigo ta ƙofar ɗan kwangila, wa za a kama? Amsar da dokokin zamani suka bayar kusan iri ɗaya ce, wato wanda ya karɓi amanar bayanan jama'a shi ne mai amsa tambaya. Ana iya ba da aiki kwangila, amma alhakin yana nan a wuyan mai shi.

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2018, ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai bayanai da duk wanda zai sarrafa masa su, ta kuma ba da sa'o'i 72 a sanar da hukuma idan an sami kutse. A wannan shekarar aka shiga tsarin kamfanin British Airways da kalmar sirrin wani ma'aikacin kamfanin Swissport, ɗaya daga cikin 'yan kwangilarsa, aka taɓa bayanan mutane fiye da 400,000. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar British Airways fam miliyan 20 a watan Oktoba na 2020. Ɗaya daga cikin laifuffukan da ta lissafa shi ne rashin tantancewa mai matakai biyu a wannan ƙofa. Shekara biyar bayan Target, da irin wannan mabuɗi aka sake buɗe wani gida.

A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, ta bi wannan tafarki. Ta ɗora wa mai bayanai nauyin tabbatar da cewa wanda ya ba aikin sarrafa su yana bin doka, bisa rubutacciyar yarjejeniya. Idan kutse ya auku a wurin ɗan kwangila, wajibi ne ya sanar da wanda ya ba shi aiki, shi kuma ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan abin yana iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ita ma an yi mata gyara a 2024, aka rage wa'adin kai rahoto daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72. Babban Bankin Nijeriya kuma tun 2018 ya fitar da tsarin tsaron intanet ga bankuna, ya sabunta shi a 2024, inda ya ɗora alhakin a kan hukumar daraktoci, ya kuma wajabta naɗa babban jami'in tsaron bayanai.

Wa'adin sa'o'i 72 yana da wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Ma'aikatar da yarjejeniyarta ba ta ɗaure ɗan kwangila da wani gajeren wa'adi na sanarwa ba, tana iya wayar gari ta ji labarin bayananta a jarida. Ɗan kwangila kuwa yana da dalilin yin shiru, domin tsoron rasa ciniki.

6.0 Auna Ɗan Kwangila

A al'adar ofisoshi, girman ɗan kwangila ana auna shi ne da yawan kuɗin kwangilarsa. Mai kwangilar biliyoyi shi ake tsananta wa bincike, mai gyaran firji kuwa ko kallo bai ishi kowa ba. Labarin Target ya nuna cewa wannan ma'auni bai dace da fagen tsaro ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ina mabuɗinsa yake buɗewa, kuma idan aka shiga ta ƙofarsa ina ake iya kaiwa. Wannan ba ya yiwuwa sai ma'aikata tana da cikakken jerin waɗanda ta ba mabuɗi. Aiki ne mai gundura, kuma a wurinsa ake yawan gano asusun ɗan kwangilar da aikinsa ya ƙare tuntuni amma kalmar sirrinsa tana nan da rai.

Fom ɗin tambayoyi da ake aika wa 'yan kwangila su cika yana da irin raunin takardar shaida, domin ba wanda zai rubuta da hannunsa cewa gidansa a buɗe yake. Ƙaramin kamfani kuma ba shi da ƙarfin tsaron babba, ko ya sa hannu a kan sharuɗɗa ɗari. Saboda haka hankali ya fi kwanciya da matakan da suke hannun ma'aikatar kanta: a taƙaita wa kowa izini daidai aikinsa, a ƙara mataki na biyu na tantancewa ta yadda satar kalmar sirri kaɗai ba za ta wadatar ba, a kuma katange sassa domin wanda ya faɗo zaure kada ya zarce ɗaki. Rahoton da ma'aikatan kwamitin kasuwanci na Majalisar Dattawan Amurka suka fitar a watan Maris na 2014 ya nuna matakai da dama da za a iya tare ɓarayin Target, kuma mafi yawansu a cikin gidan Target suke.

Akwai kuma haɗarin da ba ya kawuwa duk ƙoƙarin da aka yi, wanda ma'aikatu suke miƙa wa kamfanonin inshora. A nan ma sai an karanta yarjejeniya da idon basira. Kamfanin magunguna na Merck, wanda NotPetya ta lalata wa kwamfutoci kusan 40,000, ya nemi diyyar dala biliyan 1.4. Wasu daga cikin masu inshorarsa suka ƙi biya, bisa hujjar cewa tunda an danganta harin ga wata ƙasa, to aikin yaƙi ne, yarjejeniya kuwa ta cire ɓarnar yaƙi. Kotun jihar New Jersey ta ba Merck gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Mayu na 2023, aka sasanta a watan Janairu na 2024, wato shekara shida da rabi bayan harin. Kafin a kai ga wannan sulhu, kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta riga ta umarci mambobinta da su fayyace cire manyan hare-haren da ƙasashe suke ɗaukar nauyi daga inshorar kutse, daga ƙarshen watan Maris na 2023.